Kunne da Ƙirji

Ƙarfe biyun dare a Argungu,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i.
Batir ɗaya ya rage mini, da waƙa ɗaya,
da alkawarin Juma'a mai ƙaratowa.

Bango ɗaya ne tsakanina da Arzika tela,
jaririnsa bai cika arba'in ba.
Na dubi baƙaƙen lasifikan nan biyu
da na sayo na hannu da kuɗin tunkiyata,
na ce: ku kwanta, yau ba ku da magana.
Na ɗauko hedifon, sosonsa ya soma ɓarewa.

Ina sa shi duniya ta rufe ƙofa.
Na ji abin da ba a aiko ba:
numfashin Hajo kafin ta ɗauki baiti,
kukan kujera, miyau da aka haɗiye,
da wani zakara can bayan gari
da ya shigo amshi babu sallama.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ina cirewa.

Sai kalangun Baba Labbo.
A kunnena ya cika ko'ina,
yana sauka tsakar kai kamar taɓarya.
Na rage shi. Na ƙara.
Na ja gurmi hagu, na bar murya tsakiya,
na zuba amsa-kuwwa kamar man shanu a tuwon baƙo.
Da asuba na ce: wannan ta fi ƙarfin gyarawa.

Da hantsi wuta ta dawo, Labbo ya iso,
hula a karkace, goro a kunci.
Shekara arba'in yana yi wa masunta kiɗa a Matan Fada,
kunnen hagu ya mutu, na dama yana hanya.
Na miƙa masa hedifon. Ya juya shi, ya ajiye.
"Ba ni sa ma kunne takunkumi.
Sako ta ga iska, mu ga irin tahiyar da taka yi."
Na kunna, ina murmushin mai jiran yabawa.

Murya ta fito siririya kamar zaren ɗinki,
gurmi ya raɓe a gefe kamar yaron da aka kwaɓa,
ƙawar da na yi da dare
ta koma magana daga cikin rijiya.
Labbo bai tanka ba.
Ya ɗora tafi a kan tebur
kamar uwa mai duba zazzaɓi.
Ya jira. Ya jira.
"Yaro, ina kak kai gangata?
Katako ko motsi bai yi ba.
Kiɗi ba kunne ɗai ka jin shi ba,
ƙirji na ji, ƙahwa na amsawa."

Na ɗaga ta kaɗan kaɗan
har kofin shayi ya kama rawa,
har tsohon ya lumshe ido.

Amma ɗakin ma maƙaryaci ne.
Duk kwalayen ƙwan da na manna a bango,
lungun gabas yana ƙara wa ganga kumatu,
in na matsa taku ɗaya ta rame.
Na koma ga hedifon neman shaida,
sai ga wani ƙyas da lasifika ta ɓoye mini.
Yini guda ina kai da komowa,
alƙali tsakanin shaidu biyu,
kowa da rabin gaskiyar da yake rantsewa.

Da la'asar na kai ta motar Jabbi,
mai lasifika ɗaya, ita ma a tsage.
Daga nan wayar Ige mai suyar kifi,
a cikin hayaƙi da cinikin giwan ruwa.
Ban ce mata komai ba.
Hannunta yana juya kifi,
na dubi ƙasa: ɗan yatsan ƙafarta yana bugawa.

Zakaran kuwa, na mayar da shi.
Can ƙasa ƙasa, bayan baiti na uku.
Mai hedifon ne kaɗai zai gamu da shi,
wata rana, ƙarfe biyun dare,
a garin da ba namu ba,
ya cire na kunnensa, ya waiwaya,
yana neman ta inda gari yake wayewa.