Rodin Eufemia

A bayan garin Culiacán
Eufemia na soka rodi cikin ƙasa,
ta zaro, ta sansana tsininsa.
Haka ake neman ɗa a nan.

Rediyon mota na ta gardama:
a halatta ƙwaya, a auna, a sa haraji.
A'a, guba guba ce
ko da hatimin gwamnati.

Baltasar ɗinta ko taba bai sha.
Faci yake yi a hanyar da kayan ke bi,
ya ga fuskar da ba a gani.

"Sun hana, na rasa nawa.
In sun halatta, na wa za a rasa?
Remigio, kashe rediyon nan."

Rodin ya fito da wari.
Mata bakwai suka ɗauki shebur.