Farashin Suna

Saƙon ya same ni a Nima bayan la'asar,
ina shagon Mutaru mai gyaran waya,
fanka tana kwashe zafi daga wannan bango ta kai wancan.
"Ni ɗalibi ne," in ji mai saƙon.
"Sunan nan da ka ajiye a intanet, na ga ba ka aiki da shi.
Sidi ɗari takwas. Yau ɗin nan, in ka yarda."

Sunan kuwa na tukunyar innata ne.
Shekara tara ke nan da na yi masa rajista,
ranar da na karɓi albashin fari:
Waken Lantana, a haɗe, da ɗigo a bayansa.
Na ce zan gina mata shafi, mutanen Osu su riƙa aiko da oda.
Ta yi dariya tana tsame karan dafi daga ruwan zafi,
ta ce, "Layin da ke bakin kwata bai ishe ni ba?"
Shafin bai ginu ba.
Ni dai duk shekara ina biya,
kamar mai hayar ɗakin da bai taɓa kwana ciki ba.

Mutaru ya ce, "Karɓi mana! Iska fa za ka sayar."
Yatsana har ya hau kan amsa.
Sai na tuna yadda take duban takalmin baƙo
kafin ta saurari tayinsa,
da yadda ba ta yanke wa buhun wake kuɗi a rumfar farko,
sai ta zaga, ta ciji ƙwaya, ta tofar, ta wuce.

Kwana huɗu ina zaga kasuwar da ba ta da rumfa.
Na duba nawa 'yan'uwansa suka tafi bara:
gajere da tsada, dogo sai an yi ragi.
Wani injin ƙiyasi ya ce dala arba'in,
wani ya ce dubu biyu,
kuma babu wanda ya taɓa ɗanɗana waken a cikinsu.
Na ƙirga masu lalubo sunan a wata, ɗari uku da 'yan kai,
rabinsu daga ƙasashen sanyi, ƙarfe biyun dare,
'ya'yan Zango da yunwar gida ta hana barci.

Daga nan na bi sawun ɗalibin.
Lambarsa ta sauke ni daga mota a hanyar Tema,
gaban wani gini mai gilashi.
Maigadi, mutumin Bawku, ya ba ni benci da labari:
wake za su dafa su rufe a roba,
kwali dubu goma sun riga sun iso,
sunan a jiki,
da zanen wata mai ɗankwali wadda ba ita ba.

Na tarar da ita a tsakar gida tana shafa man zafi a gwiwa.
Barikisu ce ke kan tukunya yanzu.
Na kwashe duka na faɗa mata, har kwalayen.
Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan: "Matar da suka zana, tana murmushi?"
Na ce tana yi.
"To ba su san aikin ba.
Kada ka fara faɗin kuɗi. Wanda ya ɓoye fuskarsa
ya ɓoye jakarsa ne.
Kuma ka ce musu rabin sunan ba naka ba ne,
mai shi tana nan, ba ta mutu ba."

Na rubuta: "Gaishe da maigidanka.
Ya zo Nima da kansa, da safe, kafin wake ya ƙare.
Ya bi layi."

Ɗigo uku suka fito, suka ɓace,
suka sake fitowa.
Inna ta ce in miƙo mata murfin man.