Ɗakin Kai

A tashar Tawa muka yi lodin albasa,
buhu bisa buhu, har kamiyon Arzika ya yi tozo.
Ni ne yaron mota, mazaunina can ƙoli,
da sanda mai baki biyu ta ɗage wayar lantarki.

Can bayan iyaka, ƙasar masu Ingilishi,
wata gada ta tare mu da allo a goshinta.
Arzika ya taka burki, ya tofar da goro:
"Nomau, sauko, karatu ya same mu."
Wani mai facin taya ya warware mana:
kalma biyu ce aka ɗinke wuri guda,
ta fari kai, ta biyu ɗaki,
wai tazarar da ke tsakanin ƙoƙon kanka
da abin da zai fasa shi.

Na yi dariya. Kai ma har da ɗakinsa?
Wa ya fara furta ta?
Na rantse ba malami ba ne.
Wani dogo ne da ƙofa ta sara a goshi,
ya dafe kumburi, ya ƙera suna.

Buhu goma sha ɗaya muka sauke ranar,
muka rage iskar taya,
muka ratsa da ƙyar, numfashi a riƙe.

Bana ina gini a Tawa, furfura ta cin mini.
Magini ya ce ƙofar ta isa haka.
Na ce, Illa, ƙara jeri biyu na tubali.
Ɗana ya fi ni tsawo,
kuma har yanzu bai koyi sunkuyawa ba.