Bauri

Ƙarfe huɗu a nan, biyar a can.
Wuta ta ɗauke tun azahar.
Sau bakwai Tanimu yana jan igiyar janareta,
a na takwas ta yi tari, ta kama.
Fuskar farfesar ta fito a allon kwamfuta,
baki na motsi, murya na biyowa daga baya
kamar mai kira daga cikin rijiya.

Lamba take so.
Giram nawa na garin bagaruwa a lita guda?
Zafi nawa? Minti nawa a kan wuta?
Na buɗe littafi na karanto mata,
ban dai ce mata ga inda lambar ta fito ba.

Babana majemi ne, bayan Ƙofar Wambai.
Bai taɓa riƙe ma'auni ba.
Yatsa yake tsomawa a kwatarniya ya kai baki,
in bauri ya kama harshe, ya ce ta yi.
Shekara arba'in da ɗaya
fata ba ta ruɓe a hannunsa ba.
Ni wata goma sha huɗu na ɓata
ina farautar baurin nan a cikin kwalabe.

Ran Talata Challawa muke zuwa,
inda kamfanonin fata ke amayar da ruwansu,
ba shuɗi ba, ba kore ba,
kuromiyom ne ya rina shi.
Gangare kaɗan, wani bawan Allah
yana ban ruwan latas da shi, har da ɗaga mana hannu.
Ummulhairi ta manna wa kowace kwalba lamba,
muka jera su a akwatin ƙanƙara.
A filin jirgi ɗan kwastan ya ce, magani ne?
Na ce cuta ce, ranka ya daɗe,
za a kai ta a faɗa mana nauyinta.

Ranar sa hannu a yarjejeniya
an kawo lemo, an kira mai hoto.
Farfesa Zailani ya kai shafi na tara, ya cire tabarau.
Samfur namu, in ji takarda, sakamako nasu.
Ya ce: gyaɗa haka ta tafi, a buhu.
Jar fatarmu ta ƙetare hamada
ta amsa sunan wata ƙasa.
Jami'a ba 'yar ga-ruwa ba ce.
Ya mayar da biro aljihu.
Lemon ya huce, mai hoto ya naɗe kayansa.

Wata uku ana kai-komo da wasiƙu
kafin shafi na tara ya sake baki.
Na'urar awo ta iso ta Legas,
ta ƙara wata biyu cikin katako
don an rasa kuɗin batir.
Ɗalibai biyu muka tura su koyo ta.
Sagiru ya dawo.
Ɗayar tana gaishe mu, ranar Juma'a, ta waya.

Ba na zargin kowa.
Matar can ma ta kwana uku ba barci
a kan lissafin da ni na kuskure,
ta gyara, ba ta yi mini gori ba.
Yanzu in mun gama takan ce, sai an jima,
da wata irin Hausa mai tuntuɓe.

Da takardar ta fito, sunaye shida, nawa na biyu,
na hau a-daidaita har bakin lungunmu.
Baba ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa,
ya shinshina, ya miƙo mini.
Ya ce, ina ruwan?
Na ciro kwalbar daga jaka,
haɗin da ƙasashe biyu suka amince da shi.

Ya tsoma yatsa.
Ya yi shiru, ido a rufe.
Ya tofar gefe, ya goge baki da hannun riga.
Na tunkiya, ya ce, ya yi.
In akuya ce, da saura.

Na zaro biro na rubuta a bayan takardar.
Litinin ƙarfe huɗu, in Tanimu ya shawo kan janareta,
ni ke da tambaya.