Kuɗin Fata Bakwai

Ranar da muka kwance rufin ɗakin Tankari,
kakana, dillalin fatu a kasuwar Tawa,
gara ta riga mu cin azara,
amma ta bar mana gwangwanin shayi
maƙale tsakanin itace da laka.

A ciki takarda ɗaya, ninki huɗu,
ta rine kamar jiƙon bagaruwa.
Dala ashirin.
Babu tuta, babu fuskar shugaba,
sai sunan wani banki na ƴan kasuwa
da aka ba izinin buga kuɗi a hayin teku,
da sa hannun mutum biyu
waɗanda ba su taɓa shaƙar warin majema ba,
suna alkawari da Faransanci:
duk mai riƙe da wannan, za mu biya shi.

Tsofaffi sun ce da fari an ƙi ta.
Wuri na da nauyi, tamma na da amo,
wannan fa?
Dukiyar da akuya ke iya tauna!
Sai da mai karɓar lanho ya miƙa mata hannu
kowa ya koyi ninke ta a hula.

Na kai ta banki.
Yarinyar bayan gilashi ta ɗaga ta a haske,
ta yi dariya mai ladabi:
masu alkawarin nan sun rufe ƙofa
tun ba a yanke cibiyar ubana ba.
Wani mai tara tsoffin kuɗi a Yamai
ya taya jikka talatin ta waya.

Saura kaɗan in ce na sallama
sai na juya bayanta.
Ajami, da tawadar allo,
hannun Tankari mai karkata hagu:
Na Alzuma majemi ne, kuɗin fata bakwai.
Ya tafi Gwalkwas, ina jira.

Alkawari biyu a takarda guda.
Na gaba, mai hatimi da zane, ya mutu.
Na baya bai ji labari ba.

Mako uku ina tambaya.
Jiya wata mai albasa ta ce akwai jikansa,
yana facin taya a bakin tasha.
Gobe zan je.
Har yanzu ban san me zan miƙa masa ba,
takardar,
ko jikka talatin,
ko in shiga kasuwa ranar Lahadi
in zaɓo fata bakwai.