Harshen Cokali

Babanmu Tsalha da baki ya ci abinci,
shekara talatin da biyu a karar Mai'adua.
Ran Lahadi tun da jijjifi zai bar Daura,
ya tsaya tsakanin mai saniya da mai kuɗi,
wannan na cewa albarka, wancan na juya baya,
shi kuwa yana ɗinke su da zaren magana
har hannu ya shiga hannu, igiya ta sauya mai riƙo.
Da la'adar nan muka yi makaranta.

Sai wata Talata, bayan la'asar,
buta ta suɓuce masa.
Likita ya ce jini ne ya hau.
Ɓarin dama ya tafi, ya tafi da harshen.

Gida ya koma kamar kasuwa ran da ba ta ci.
A nan muka gane yawan aikin da bakin nan ke yi.
Shi ke ta da mu da asuba,
shi ke cewa gishiri ya zarce,
shi ke raba Mansura da Ɗanliti in sun kaure,
shi ke cewa a kwashe shanya, hadari ya haɗo gabas,
shi ke tambayar maƙwabci ya jikin yarinya
ko da jiya ma ya tambaya.

Inna Tabawa ce ta sa masa cokali a hagu,
ta ajiye kofin silba kusa da matashi.
Bugu ɗaya, ruwa.
Biyu, a juya ni, gefen nan ya yi tsami.
Uku, a kunna rediyo.
In ya ja cokalin a bakin kofi, ƙiii,
to wani ya yi ƙarya a ɗakin,
kuma yawanci ni ne.

Agali, buzun da suka ɓata kan kuɗin bijimi,
shekara shida ba sa ga maciji,
ya zo daga Matamaye da ledar dabino.
Ya zauna, ya ce, "Tsalha, ina wuni?"
Ya bar gurbin amsa, kamar ana amsawa.
"Ina gajiya?" Ya jira.
"Ya iyali? Ya haƙuri da jiki?"
Ya kai gaisuwar har ƙarshenta, bai tsallake ko ɗaya ba.
Baba na kallon rufi, ido na zuba.
Ba wanda ya ambaci bijimi.
Da zai miƙe, hannun hagu ya kama jelar rawaninsa.
Nan aka biya bashin.

Yayata Zulai na kira daga Kaduna.
Mu kara masa waya a kunne,
ita ba ta jin komai sai numfashi.
Ta ce ya ishe ta.
Wai tana gane ran da ya ci tuwo da ran da ya ƙi.

Ni malamin firamare ne.
Na sha rubuta wa 'yan aji biyar a allo:
amfanin magana shi ne isar da saƙo.
Yanzu allin na yi mini nauyi.
Wane saƙo ke cikin "sannu"?
Ba ta rage zafi, ba ta biyan kuɗin magani,
amma ran da ba a ce masa ita ba
cokalin kan kwana bai motsa ba.

Daren jiya ya buga huɗu.
Ba mu da huɗu.
Na kawo ruwa, ya kau da kai.
Na juya shi, na murɗa rediyo, ya ja ƙiii.
Sai ga Inna daga madafa, tana goge hannu da zane,
ita da ban taɓa jin sunansa a bakinta ba,
ta zauna a gefen katifa, ta ce, "Na'am."

Yaushe suka tsara wannan?
Ban tambaya ba.
Ta dube ni ta ce, "Ja mana ƙyauren in za ka fita."