Dakon Gurbi

A Kashere nake wanke gilasai,
ɗakin gwaji na uku, bayan tankin ruwa.
Dakta Ladiyo ta ɗaga wata kwalba
da ba ta kai ɗan yatsa ba:
"Garin nan, Buba, ya fi bijimi tsada,
kuma sai da guba yake narkewa."

Na ce, aikin me yake?
Ta ce, dako.

"In rana ta bugi farantin sola,
ƙwayar lantarki takan tashi ta bar gurbinta.
Gurbin ma sai an kai shi gaɓa,
in ba haka ba ta komo ta zauna,
fitila ta kwana makauniya."

Yanzu ɓawon gyaɗa take ƙonawa,
ta niƙa baƙin, ta shafa siriri kamar kwalli.
Gwaji goma sha tara, allura ko gezau.
Ran Laraba ta ɗaga kai kaɗan.
Dakta ba ta yi guɗa ba,
ta rubuta lamba, ta nemi shayi.

Da dare na tuna Inna a Pindiga:
shekara shida tana dakon gurbin Baffa
daga ɗaki zuwa gona, ba lada,
gidanmu kuwa bai taɓa duhu ba.